Dutsen Auta

An ce wai Hajiya Yalwa mai turaren wuta ba ta ƙaunar autarta Lantana. Hujjar masu faɗa ita ce rabon da ta yi kafin ta rasu. Mu duba rabon tukuna.

Sirrin turarenta awo ne, awon kuwa duwatsu ne. Kayan haɗin uku ne, yayyen Lantana ma uku: ta ba babbarsu Kubura dutsen awon hawi, ta ba Zulai na gajiji, ta ba Talatuwa na farce, don kada ɗaya ta iya haɗa turaren sai da 'yan uwanta, ko da aure ya watsa su garuruwa. Lantana kuwa aka miƙa mata wani ƙaton dutse wanda ba ya auna komai. Ta karɓa, ta yi kukanta a ɓoye, ta tokare ƙofa da shi.

Shekara ta bakwai da rasuwarta ruwa ya ci gidan Zulai. Da suka taru haɗin turare, ta zo hannu wofi.

"Yaya, dutsen ya tafi," in ji ta. "Ƙamshin Inna ya ƙare a hannuna."

Kubura ta ce, "Kintata mana, shekara nawa kina auna shi?"

Suka kintata. Hayaƙin ya tashi kamar an ƙona tsumma.

Lantana na zaune tana kallon ma'auni, sai ta tuna ranar rabo: Inna ta daɗe tana goga ƙaton dutsen nan a kan dutsen niƙa, tana ɗora shi a ma'auni, tana saukewa. Wa ke wahalar gyara matokarin ƙofa?

Ta ɗauko shi ta ɗora a gefe guda, ta ɗora na Kubura da na Talatuwa a ɗayan.

Kubura ta ce, "Auta, wasa kike da mu?"

"Yaya Zulai, zuba gajijinki a gefen duwatsu biyun nan har su daidaita da nawa."

Ta zuba, ta zuba, ma'auni ya tsaya cak. Da aka sa garwashi, Kubura ta rufe fuska da gyale, don Inna ce ta cika ɗakin.

Lantana ta ce, "A sassaƙa wa Yaya Zulai sabon dutse yau. Dutsena awo ɗaya yake iya maidowa in ya ɓata, ba biyu ba."

Wanda ya raba amana gida-gida, ya bar wa wani gida nauyinta duka. Dutsen Lantana nauyin na yayyenta uku ne a haɗe.