Ta-Gefe da Dakon Lemar Ruwa

Ga ta nan, ku matso ku karɓe ta tun da ɗuminta.

A can cikin teku, a bakin wani dutse da ke tsakanin saman ruwa da ƙasansa, akwai wata 'yar kaguwa da ake ce wa Ta-Gefe. Girmanta bai wuce ƙwallon goruba ba, amma cikinta rijiya ce gaba dubu. In ta cinye abincin gida guda, sai ta ce ai wanke baki ta yi.

Wata rana tana zaune da yunwa, sai ta ga lemar ruwa suna wucewa. Wasu halittu ne masu kai kamar buɗaɗɗiyar lema, jikinsu luguf-luguf kamar kamun koko, ga igiyoyi na reto masu harbi irin na kunama. Tsofaffin cikinsu suna ta gangarawa ƙasa a hankali. Ta-Gefe ta tare wata ta rusuna.

"Sannu Goggo. Ina zuwa haka da nauyin jiki?"

Goggo Lema ta ce, "Dako nake, 'yar nan. Kin san hayaƙin da mutanen tudu suke turawa sama? Akwai wasu ƙananan tsirrai a saman ruwa, kamar garin kuka, su ke shanye shi. Ƙwarin ruwa su ci tsirran, mu kuma mu ci ƙwarin. In kwananmu ya ƙare, sai mu sauka da kayan can ƙasa. Tsutsotsin ƙasa su ci rabonsu, sauran laka ta rufe. Da ba mu yin haka, da hayaƙin ya koma sama, duniya ta ƙara zafi."

Ta-Gefe ba ta ji zancen zafin duniya ba. Abin da ya shiga kunnenta ɗaya ne: abinci na saukowa da kansa, ba farauta.

Ta dafa ƙirji ta ce, "Ashe ba ki da labari, Goggo? An ɗauke muku wahalar tafiya. Ni aka naɗa mai karɓar kaya. Nan kan dutsena za ku riƙa saukewa, ni in ƙarasa da shi."

"Ke? Da wannan jikin?"

"Allura ma ƙarama ce, amma ita ke ɗinke babbar riga."

Goggo Lema ta gaji, ga shi dama Allah bai ba su ƙwaƙwalwa ba balle su yi dogon tunani. Ta sanar da 'yan'uwanta. Kafin azahar dutsen ya cika da tsofaffin lemomi, kowacce ta kwanta kwanciyar ƙarshe. Ta-Gefe ta ci har ɓawonta ya fara ƙara, tana yi wa kanta kirari: "Ni ce Ta-Gefe, mai tafiya a karkace, mai isa kafin masu miƙewa!"

Da gari ya waye, sai ga Zartau, wani ƙaton kifi mai haƙora jere kamar zarto. Ƙanshi ne ya jawo shi. Ta-Gefe ta hango inuwarsa, ta yi wuf ta shige ƙarƙashin wata matacciyar lema, ta ɗora ta a ka, igiyoyin na lilo. Ta shaƙe murya.

"Wane ne wannan mai shigowa ba sallama?"

Zartau ya ja birki, don akwai tsohon tabon harbin lemar ruwa a kan hancinsa, bai manta raɗaɗinsa ba. Ya ce, "Allah ya huci zuciyarki, Hajiya. Wata kaguwa na hango."

"Na cinye ta. Kai ma ka zo a daidai, ban ƙoshi ba. Wadda ta yi maka wannan tabon jikata ce, kuma ita ce mai sanyin hannu a gidanmu."

Zartau ya ja da baya ya ce, "A yi mini afuwa. Me zan yi?"

"Ka ga waɗancan da suke sauka nesa da dutsena? Ka sa wutsiyarka ka riƙa koro su nan."

Haka ƙaton nan ya wuni yana fifita da wutsiya kamar mai hura wutar ɗanyen ice. Ta-Gefe na ƙarƙashin lema tana ci tana dariya ƙasa-ƙasa, lokaci-lokaci ta daka masa tsawa: "Hagu! Hagu na ce, mai kan tulu!" Tari ya yi tari har ya fi ƙarfin cikinta. Sauran ya fara ruɓewa, kumfa na tashi sama ɓul-ɓul, hayaƙin da aka sha wahalar tarawa yana komawa inda ya fito. Ita ma kowace gyatsa ta yi, sai ta ƙara nata hayaƙin.

A can ƙasa kuwa, tsutsotsi sun buɗe baki suna jira, ko ɓarɓashi bai faɗo ba. Yaransu na kuka. Suka aika wa Iya Kififiya, tsohuwar kunkurun teku da ke yawo tsakanin sama da ƙasa, cewa ta taimaka ta dubo musu hanya.

Da gari ya waye, Iya Kififiya ta iso dutsen tana toshe hanci. Ta-Gefe ta zaɓi matacciyar lema mafi girma, ta sake ɗorawa a ka, ta kumbura.

"Ke tsohuwa, ja baya! Harbina ɗaya, sai makoki!"

Iya Kififiya ta yi murmushi. "Ikon Allah. Yau karin kumallo ne ke yi mini magana?"

Abin da Ta-Gefe ba ta sani ba, lemar ruwa ita ce tuwon Kififiya tun kaka da kakanni, harbin kuwa a bakinta yaji ne kawai. Ta buɗe baki ta yi loma ɗaya, caraf, ta haɗa da hannun Ta-Gefe na dama.

"Wayyo Iya! Ni ce, 'yarki ce! Gadi nake musu!"

Kififiya ta tauna ta ce, "Shi ya sa na ji ƙashi a cikin tuwon. Sannu da gadi, 'yar nan. Har kin yi ƙiba."

Ta sa faffaɗan hannunta ta share dutsen tas, kayan suka gangara ƙasa inda ake jiransu. Zartau da ke gefe ya ga wadda ta wuni tana aikensa, ya yi kukan kura ya taso. Ta-Gefe ta arce a karkace, ta bugi wannan dutse, ta gwaru da wancan, ta faɗa wani rami da ko hancinsa ba ya shiga.

Daga ciki ta leƙo da ido ɗaya, tana haki, ta ɗaga hannun da ya rage.

"Ku gaida gida! Hannun kaguwa ai tsirowa yake. Wanda Iya ta ci ma dama ya tsufa, ina neman mai cire mini shi kyauta!"

Ƙurunƙus, kan kaguwa, in kun samo inda kan yake.