Rogon Kwana Ɗaya

An yi wata mata da aure ya kai ta wani ƙauye mai nisa da garinsu. A garinsu rogo mai zaƙi ake shukawa, a tono a ɓare a dafa, yara ma su ci ɗanye. Amma inda ta zo, rogonsu mai ɗaci ne. Shi wannan sai an jiƙa shi a ruwa kwana huɗu, an wanke, an shanya ya bushe sarai, kafin a daka a yi tuwo. In ba haka ba, akwai dafi a cikinsa.

Tana ganin mata suna kai nasu rafi su bari a ruwa, amma ba ta taɓa tambayar kwana nawa ne ba. Kunya take ji kada a ce mace har da 'ya, ba ta iya abinci ba. Sai dai ta leƙa yadda suke yi, ta koma ta yi nata.

Ran nan ta jiƙa nata kwana biyu ta kwashe. Da suka ci tuwon, mijinta ya ce kansa yana juyawa. Ita ma jiri ya kama ta. Zuciyarta ta gaya mata rogon nan ne. Amma ta ce, "Rana ce ta buge ka a gona, Baban Roda. Kwanta ka huta." Washegari suka tashi lafiya. Duk da haka ba ta tambayi kowa ba.

Damina ta yi nisa, dawa ta ƙare a rumbu. Ta sake tono rogo ta kai rafi. Kwana ɗaya kawai ya yi sai ga rana ta fito da kyau, bayan an daɗe ana ruwa. Ta ce in ta bar ranar nan ta wuce, yaushe za ta samu wata? Ta kwashe, ta shanya, ta daka.

Tana cikin tankaɗe sai maƙwabciyarta ta shigo, wata tsohuwa, Inna Kande, mai riƙon jikoki uku. Matar ta san gidan tsohuwar ba kome, ta cika mata kwano da gari.

Inna Kande ta ce, "Allah ya yi miki albarka, 'yata. Ya dai jiƙu ko?"

"Ya jiƙu, Inna."

Da rana ta tuƙa tuwo. 'Yarta Roda, mai shekara biyar, tana kukan yunwa, ita aka fara zuba wa. Ba a jima ba yarinya ta fara amai. Ta tashi za ta zo wurin uwar, ƙafa ta ƙi ɗaukarta, ta faɗi, ido yana juyewa. Uban ya shigo daga gona ke nan. Ya ɗauke ta yana cewa, "Me ta ci? Maman Roda, me yarinyar nan ta ci?" Bai jira amsa ba, ya samu mai mashin suka tafi asibiti.

Matar ta rage ita kaɗai a tsakar gida. Ta ɗaga kai sai ta ga hayaƙi yana tashi ta bayan danga, daga murhun Inna Kande.

Tsoro biyu ya kama ta. In ta yi magana, ƙauye duka zai ji baƙuwar nan ta ba 'yarta dafi, ta kuma yi wa tsohuwa ƙarya a fuskarta. In ta yi shiru, yara uku suna can zaune da kwanukansu.

Ta fita da gudu, ko ɗankwali babu. Ta tarar an gama tuƙi, Inna Kande ta ɗauki mara za ta kwashe, ƙaramin ya riga ya miƙo kwano.

"Inna, kada su ci! Don Allah kada su ci!"

Tsohuwa ta dube ta. "Kwana nawa ya yi a ruwa?"

"Ɗaya."

"Ɗaya? Wayyo Allah! Ina Roda?"

"An kai ta asibiti."

"Kin gaya musu abin da ta ci?"

Matar ta girgiza kai tana kuka.

"To me kike yi a gidana? Bi su! Ki faɗa musu da bakinki, kada su tsaya lalube."

Ta bi su, ta faɗi gaskiya a gaban mijinta da ma'aikatan asibiti. Ita kuwa tsohuwa ta haƙa rami ta binne tuwon, don ko akuya kada ta taɓa. Roda ta yi kwana uku ba a san ko za ta rayu ba. A rana ta huɗu ta buɗe ido ta nemi ruwa.

Maganar ta zaga ƙauye. An daɗe wasu mata ba sa barin 'ya'yansu su ci abincin gidan matar. Amma Inna Kande ta kai ta rafi, ta sa mata rogo a hannu ta ce, "Matsa. In bai narke a yatsunki ba, mayar da shi ruwa. Abin da kika kasa tambaya ke nan, duka-duka."

To, 'yan'uwana, ga ma'anar misalin nan. Matar nan mu ne. Jirin farko, shi ne ƙaramin gargaɗin da Ubangiji yake ba mu cikin jinƙai idan mun yi kuskure, a gona ne, a wurin aiki ne, ko a renon yara. Yana so mu tsaya nan mu koya, tun abin bai yi tsada ba. Rashin sani ba zunubi ba ne, kowa da haka ya fara. Abin da ya kusa kashe Roda shi ne uwarta ta ji gargaɗi ta ce rana ce. Kwanon da ta ba Inna Kande kuwa, kuskuren da muka ɓoye ne. Ba ya zama a gidanmu, sai ya tsallaka danga ya shiga cikin waɗanda ba su san kome ba.

Ni wannan yana ba ni tsoro ƙwarai. Allah yana gafartawa, amma gafara ba ta fitar da tuwo daga cikin yaro. In akwai abin da ka sani ka yi ba daidai ba, wani kuma yana shirin ci, kada ka ce sai Lahadi mai zuwa. Muna tashi daga nan, ka wuce gidansa kafin ka je naka.