Tukunyar Gidan Jatau

An ce wai a garin Gangaren Kuka an yi wani magidanci, Jatau, wanda gidansu ya yi suna da miyar taushe tun zamanin kakanni. Idan kaka ta yi, kabewa ta nuna, sabuwar dawa ta shigo, mazan unguwa sukan yi ciyayya a gindin ɗurumi, kowa ya fito da akushinsa. Na Jatau ake fara buɗewa, shi ake fara suɗewa.

Wata shekara ciyawar wuta-wuta ta cinye gonarsa, bai ɗaure ko dami goma ba. Kowa ya ga gonar, don a bakin hanya take. Duk da haka akushi bai fasa fitowa ba, maƙil da tuwo, man shanu na kwance a kan miya. Su kuwa suna ci suna santi: "Jatau ɗan gado! Gidanku ba ya tsufa!" Ko mutum ɗaya bai tambayi inda tuwon yake fitowa ba. Ai tambaya ɓata loma take yi!

Ana haka sai ƙanwarsa Dela ta zo ganin gida daga garin da take aure. Ta tarar da mahaifiyarsu, Inna Tabawa, kwance ba ta iya tashi, matar gidan kuma zane na zamewa daga ƙugunta. Ba ta ko sha ruwa ba ta wuce wurin Alƙali Zubairu.

"Allah gafarta Malam, yayana yana kashe uwarmu da yunwa don a yabe shi."

Aka kira Jatau. Ya gyara hula ya ce, "Yunwa a gidanmu? Malam, tambayi duk wanda ke zama a ɗurumi."

Aka kira mazan ɗurumi, suka shaida baki ɗaya cewa ba a tuwo sai a gidan Jatau. Aka aika a tambayi matarsa, ta sunkuyar da kai. Aka tambayi tsohuwa, ta ce, "Ku ce wa Malam na ƙoshi. Ɗana ba ya barina da yunwa."

Mai ƙara ba shaida, wadda aka zalunta ta ce ba a zalunce ta ba. Alƙali ya ce, "Akushi baƙo ne, ado yake yi kafin ya fita. A kawo mini tukunyar tuwon gidan kowane mai ciyayya yadda ta kwana, kada a wanke."

Aka jera tukwane bakwai. Shida duk da ƙanzo a gindi, wata har kaji sun fara tsattsaga. Ta Jatau kuwa fes, an kankare ta har ƙasar ta yi fari, ga sawun cokali a ciki layi-layi.

Alƙali ya ɗaga ta ya ce, "Jatau, wa ya cinye ƙanzon nan?"

Jatau ya dubi tukunyar. Sai hawaye.

"Abincin mata biyu ke nan tun shigowar kaka," in ji alƙali. Ya juya kan sauran. "Ku kuma, ta gonarsa kuke bi kullum. Idonku ya ga kara ba zangarniya, bakinku ya ga man shanu, kuka gaskata baki. Ciyayya kuka ce kuna yi, ashe ci kawai kuke yi. To ga hukunci. Daga yau har wata kaka, akushinku shida cikin gidan Jatau za su fara shiga, abin da mata suka rage shi za ku ci a ɗurumi. Kai Jatau, ba sadaka ba ce balle ka ƙi. Tuwon uwarka ne yake komowa."

Da la'asar akusa shida suka shiga gidan. Dela ta tallafo kan tsohuwa, ta kai mata loma. Inna Tabawa ta ɗanɗana ta ce, "Wannan ba taushenmu ba ne. An dai fitar wa Jatau nasa? Kada a ji mu a gari."

Loma biyu ta iya haɗiyewa. Kwana uku bayan nan aka kai ta makwancinta.

An ce Jatau bai ƙara zama a gindin ɗurumi ba. Mu kuwa har gobe muna nan muna suɗe akushin mutane muna yi musu kirari. Kafin ka yabi akushi a ƙofar gida, tambayi wanda ya kwana da tukunya.