Fararen Duwatsun Maƙabarta

An yi wani mutum a ƙasar Maiyama, ya haƙa maƙabartar kakanninsa yana neman dutse. Ba zan faɗi sunansa ba. Yana da 'ya'ya.

Manomin albasa ne. Shekara biyu bayan an ba mu jiha ya tafi ci-rani kudu, ƙasar manyan duwatsu. Can ya ga masu haƙa suna bin wata farar jijiya a cikin fa, wato shimfiɗaɗɗen dutse, suna fasa ta, suna ciro 'yan duwatsu shuɗɗa da koraye waɗanda baƙi ke saye da tsada. Ya dawo idonsa a rufe.

A gefen gonarsa akwai tsohuwar maƙabarta, fararen duwatsu birjik a kanta. Ya ce ai jijiyar ce ta leƙo.

Ya kai ɗaya Jega wurin wani mai binciken ƙasa. Mutumin ya ce, "Malam, abin da kake nema sai a cikin fa. Ƙasarku yashi ce da laka, ko zurfin gaba ɗari ka haƙa."

Yayarsa Hamsatu ta ce masa, "Kai, duwatsun nan bisa jaki aka kawo su, don a san kan mamaci. Wanga na Inna ne. Ita ma kasuwa za ka kai ta?"

Ya ce, "Hassada dai, Yaya." Mai gari ma ya aiko ya ce kada ya taɓa wurin.

Ya 'yan uwa, mai ilimi ya faɗa, babba ta faɗa, mai gari ya hana. Me ya rage? Girman kai.

Ya kwashe duwatsun ya zuba a buhu, ya baje wurin, ya sa diga. Albasarsa ta ruɓe a rudu, rumfar ajiyarta, bai leƙa ba. A gaba biyu ya iske ƙashi, ya ture, ya ci gaba. Mutane suka daina cin abinci da shi. A gaba biyar yashi ya rufto masa. An ciro shi da rai, amma ƙugu ya karye. Bai sake tsayawa da ƙafarsa ba.

Ban san sunayen duwatsu ba. Na san kabari amana ne. Neman arziki ba laifi ba ne, a je inda Allah ya ajiye shi. Amma duk wanda ya zo da diga yana zagaya makwancin iyayenmu, ku kore shi, ko ɗan wa ne. Ko zinariya ce a ƙasa, ba mu haƙa. Allah ya tsare mu da irin wannan zuciya, ya sa mu cika da imani.

Kada ku ce wahala za ta koya muku tuba. Na je zaurensa da kaina. Shi kaɗai ya san inda ya ɗauke dutsen uwarsu. Na ce ya nemi gafara, ya bari a ɗauke shi ya nuna wa Hamsatu wurin, ta mayar.

Ya juya fuskarsa ga bango.

"Don ku haƙa bayana? Saura gaba guda in iske jijiyar, Malam. Ba ni nunawa."