Bunsuru da Ƙwarya Mai Tafiya

An yi wani Bunsuru mai dogon gemu da cika baki. Kullum sai ya tara dabbobi ya ce, "Tsamiyar bayan gari akwai aljani a cikinta. Duk wanda ya je da rana tsaka, wuyansa zai juya baya. Ni kaɗai nake zuwa, don sau uku muna kokawa ina kayar da shi."

Ƙarya ce tsagwaronta. So yake ya riƙa cinye 'ya'yan tsamiyar shi kaɗai.

Bushiya, 'yar mitsitsiya mai tsokana, ta ce, "Baba Bunsuru, yaya kamannin aljanin nan?"

"Ke, rufe mini baki! In kika gan shi, sai ƙayoyin bayanki sun zube."

Washegari Bushiya ta ɓoye Agwagwa da sauran dabbobi a bayan dangar gona, ita kuma ta shige ƙarƙashin wata tsohuwar ƙwarya a gindin tsamiyar.

Rana na yin tsaka sai ga Bunsuru yana taƙama. Ya soma tauna ke nan, ƙwarya ta motsa. Ƙururu!

Ya daina tauna. Ya matsa gefe, ƙwarya ta biyo shi.

"Sa-salamu alaikum, mutanen ɓoye."

Wata murya ta fito daga ƙwaryar: "Kai ne mai kayar da ni sau uku? Zo mu yi na huɗu."

"Ranka ya daɗe, ashe kana nan da gaske? Wallahi ƙirƙiro ka na yi saboda tsamiya! Ni ko ɗan tsako ban taɓa kayarwa ba!"

Ya kwasa da gudu, ƙahoninsa suka maƙale a danga, daidai inda dabbobi ke laɓe. Kowa ya fashe da dariya. Bushiya ta leƙo daga ƙwarya.

"Baba, wuyan dai bai juya ba ko?"

Bunsuru ya yi gyaran murya. "Ai na san ke ce. Gwada ku nake yi."

Agwagwa ta nuna kashin da ya zubar a hanya ta ce, "To wannan baƙin waken da ka shuka tun daga gindin tsamiya har nan fa, shi ma cikin gwajin ne?"

Darasin wannan labari shi ne, yarana, kada ku ƙirƙiri dodo don ku hana wasu ci. Ranar da ƙwarya ta motsa, ku ne farkon masu gudu.