Ƙafar Rafi'atu Bayan Haihuwa

Akwai wata mata a Moshi Zango, sunanta Rafi'atu, mai sayar da koko da ƙosai a bakin titi. Kwana biyu ta yi tana naƙuda kafin ta haifi ɗanta na uku, Kamil.

Bayan suna ta lura ƙafarta ta hagu ba ta ɗaguwa. Silifas ya zame mata ba ta sani ba. In ta yi tari kuwa, sai fitsari ya zubo. Ba ta gaya wa kowa ba, sai ta riƙa ninka zane biyu.

Abin da ke cinta a rai goggonta ce ta Bawku, wadda tun da ta haihu ba ta sake takawa ba har ta rasu.

Wata safiya ta goya Kamil za ta tsallake kwatar ƙofar gida. Ƙafar ta ƙi. Ta faɗi a kan gwiwa, saura kamar yatsa biyu kan jaririn ya bugi gefen siminti. Bai ji ciwo ba. Amma daga ranar ta daina ɗaukarsa a tsaye. Ko kuka yake, sai an miƙo mata shi.

Surukarta, Mma Mamuna, ta ce, "Wannan iska ce. A ƙara mata ruwan zafi da hayaƙi."

Mijin Rafi'atu, Abdul-Fatawu, bai musa wa mahaifiyarsa ba. Ya ce, "Mma, a ci gaba da addu'a. Gobe kuma zan kai ta asibiti."

Suka hau motar haya ta tirotiro zuwa asibiti a Bantama. Likita ya tura su sashen gashi da motsa jiki, wurin wata ma'aikaciya, Anti Azaratu.

Rafi'atu ta riƙe mata hannu. "Anti, ki gaya mini gaskiya. Na gurgunce?"

"Kan yaro ne ya danne jijiya lokacin naƙuda. Yawanci tana farfaɗowa, amma a hankali. Sai kin dage da motsa jiki. Fitsari fa, yana zubo miki?"

Rafi'atu ta sunkuyar da kai, hawaye suka zubo.

Aka ɗaura mata abin tallafe ƙafa. Aka koya mata jan tafin ƙafa da tawul, da matse naman ƙasan mara kamar mai riƙe fitsari, safe da rana da yamma.

Mako biyar, shiru. Kullum ta zauna ta zuba wa ƙafar ido kamar ta wani. Ta ce da mijinta ta gaji, ba za ta koma ba.

Ya ce, "Maman Kamil, ki ba ni mako ɗaya."

A kan gadon Anti Azaratu, ranar Laraba, babban yatsan ya motsa. Kaɗan ne, har sai da Rafi'atu ta ce a bari ta sake.

Wata biyar kafin ta koma kan kaskonta. Fitsarin ya tsaya. Ƙafar har yau takan ɗan ja in ta gaji.

A wani bikin suna ta ba matan wurin labarinta duka, ba ta rage na fitsarin ba. Wasu suka kau da kai. Da za a watse, wata ta ja ta gefe, ta ce a hankali, "Ni shekara shida ke nan. Ko maigidana bai sani ba. Yaushe za ki raka ni asibitin?"

Darasi: Ciwon bayan haihuwa ba abin kunya ba ne, kuma da yawansa na da magani. A faɗa da wuri, a je asibiti, a yi haƙuri da motsa jiki. Ku tura wa wata mai jego, wataƙila tana ɓoye nata.