Ranar da Sarki Jatau Ya Kira Sunan 'Yarsa

A wani zamani mai tsawo da ya shuɗe, tun aljanu suna cin kasuwa ɗaya da mutane, an yi wani sarki a birnin Tagwayen Rafi mai suna Jatau ɗan Barmo, ma'abocin kwarjini da faɗin ƙasa, wanda in ya yi gyaran murya a zaure sai fadawa su sunkuyar da kai. Allah ya ba shi kome, amma haihuwa guda ɗaya tak ya ba shi, gimbiya Rumasa'u, wadda uwarta ta rasu tun ba a yaye ta ba. To, ita ce 'yar fari, kuma a gidan sarautar nan kunyar ɗan fari ta wuce ta ko'ina: uba ba ya ɗaukarsa, ba ya kallonsa a gaban mutane, ba ya kama sunansa har ƙasa ta rufe ido. Shekara goma sha ɗaya Sarki yana cewa "yarinyar nan". In ta zo gaisuwa ta durƙusa, sai ya kau da kai ya amsa wa bango. Kuma wallahi yana sonta, irin son da ke hana shi cin tuwo in ta yi zazzaɓi. Amma ina amfaninsa? Ita dai ba ta sani ba.

Ran nan da hantsi sai ga kuyangi sun faɗo fada da kururuwa. Suka ce sun raka gimbiya bakin Tafkin Shuni, ruwa ya dare biyu, wata doguwar mace mai gashi har gadon baya ta miƙo hannu. Babbarsu ta ƙara da cewa, "Ranka ya daɗe, ba janta aka yi ba. Da ƙafarta ta bi."

Aka tura masunta suka yi nutso, suka fito da taɓo. Aka tura mayaƙa suka harbi ruwa, abin dariya, kibau suka dawo musu. Sai a kwana na shida aka samo wani tsohon boka mai suna Ƙyauro. Ya ɗebi ruwan tafkin a ƙwaryar tsafi, ya daɗe yana dubawa, sa'an nan ya ce, "Allah ya ja zamanin Sarki, gimbiya tana hannun Zarkana, sarauniyar aljanun ruwa. Ta ce yaron da ba a kiran sunansa, ba shi da mai shi. Gobe in rana ta karkata, gimbiya ta zama ta ruwa har abada. Sai fa in Sarki ya taka da ƙafarsa, a gaban talakawansa, ya kira ta da sunanta na yanka. In ta amsa, taka ce."

Nan take Magajiya, gwaggon Sarki, tsohuwar da ke riƙe da al'adun gidan, ta buga sandarta a ƙasa ta ce, "Ka rufa mana asiri, Zaki! Kakanninka bakwai ba wanda ya yi wannan abin kunya. Kai ma ɗan fari ne, ubanka bai taɓa kiran sunanka ba. Mutuwa ka yi?"

Sarki ya dube ta har ta sauke ido, ya ce, "Ban mutu ba, Gwaggo. Amma ranar da yake jinyar ajali, tun safe nake tsaye a bakin ƙofarsa ina jira ya kira ni, har aka fito aka ce ya cika."

Waziri ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce ko a aiki sanƙira mai shela ya yi kiran a madadin Sarki.

Sarki ya miƙe, ransa a ɓace, ya ce, "Sanƙira ne ya haife ta? Wanda kunya za ta kashe gobe, ya zauna a gida."

Ba wanda ya zauna. Washegari da rana ta take tsaka, birni kaf ya kewaye Tafkin Shuni, har masu tallan fura. Sarki ya tuɓe alkyabba, ya cire takalmi, ya tsaya a bakin ruwa. Tafki ya buɗe, sai ga Zarkana bisa gadon azurfa, ta ɗora gimbiya a cinya tana mata kitso, ƙafafun yarinyar kuwa tuni sun fara zama ruwa, ana hango yashi ta cikinsu. Sarki ya buɗe baki, harshe ya yi masa nauyi kamar dutsen niƙa. Duk da haka ya ɗaga murya.

"Rumasa'u!"

Mata suka rufe fuska da gyale. Gimbiya ba ta amsa ba. Ta juyo ta dube shi ido cikin ido, abin da ba ta taɓa yi ba, ta ce, "Ranka ya daɗe, a nan sau ɗari ake kirana a yini. In na yi tuntuɓe ana cewa sannu. Yau ka kira don an tilasta ka, gobe kuma na koma yarinyar nan. Ba zan tafi ba."

Zarkana ta tuntsire da dariya, ta ce, "Ka ji ko, ɗan Adam? Koma gida."

Ina! Sarki ya sa ƙafa cikin ruwa. Aljana ta kaɗa yatsa, ruwa ya taso masa har ƙugu, dogarai suka yunƙuro, ya daka musu tsawa suka tsaya. Ya ci gaba da tafiya yana magana, kowa yana ji.

"Kin yi gaskiya, 'yata, ni ne mai laifi. Na san kina tsoron zakaran nan mai jan tukku, ni na sa aka yanka shi. Haƙorinki na fari da ya fita bai kai kan rufin ɗaki ba, yana cikin layar da ke wuyana. Alewar da ake kawo miki ran Juma'a a ce daga Magajiya, daga gare ni take. Na ji tsoron bakin mutane fiye da hawayenki, kaicona! Ina sonki, kuma ban ƙara ɓoyewa, ko rawanin nan zai bar kaina."

Ruwa ya kai masa wuya, bai tsaya ba. Gimbiya ta zame daga cinyar aljana, ta ce, "Sake faɗa."

"Rumasa'u."

"Na'am, Baba."

Zarkana ta yi ƙara wadda ta girgiza kukoki, amma aljani ba ya saɓa sharaɗinsa. Ruwa ya janye. Ta share ido ta ce, "Ɗauki abarka. Ka sake sakaci, ina nan."

Ƙafafun gimbiya ba su gama dawowa ba, ta kasa tsayuwa. Kuyangi suka rugo, Sarki ya ce a bar ta. Ya durƙusa ta hau bayansa, ya warware rawaninsa ya goya ta da shi, ya ratsa tsakiyar kasuwa kansa a buɗe, yana ɗigar ruwa, yana kallon kowa a ido. Ba mahaluƙin da ya yi dariya.

Tun daga ranar aka daina kau da kai ga ɗan fari a Tagwayen Rafi. Bayan shekara tara gimbiya ta zaɓi wani yarima na ƙasar gabas, aka yi biki na kwana arba'in. Ranar kai amarya, ayari ya riga ya kai ƙofar gari, sai aka ji tsohon Sarki yana ƙwala mata kira daga bisa soro. Aka tsai da raƙuma, ta aiko a tambayi ko lafiya. Ya ce lafiya lau, ba abin da aka manta, so yake kawai ya ji ta amsa.